Jiragen Da Na Ƙona

Argungu,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Malam Sanusi. Allah Ya sa takardar nan ta same ku lafiya, Ya kai ku ƙasar da za ku lafiya, Ya tsare ku a sama da ƙasa.

Ba labarin gida zan ba ki ba, ƙannenki sun ishe ki da wannan. Ran da kika zo sallama kin zauna a zaure kina yi mini bayanin karatun da za ki yi a Turai, ni kuwa ina ta gyaɗa kai, kika ɗauka murna ce ta hana ni magana. Murna kam akwai. Amma abin da ya riƙe mini harshe daban ne. Sau biyu na buɗe baki a ranar, ya ƙi fita, shi ya sa na sa shi a takarda.

Ga abin da na fahimta cikin bayaninki, in na yi kuskure ki gyara. Akwai wani baƙin zare da ake kira zaren kabon. Ana jera shi a zuba masa danƙo ya daskare, sai ya yi ƙarfi kamar ƙarfe amma babu nauyi, a yi sassan jirgin sama da kekunan tsere da shi. In ya karye ba ya ruɓewa, kuma ba a narka shi kamar dalma, sai dai a binne. Ke da malamanki za ku nemi hanyar raba zaren da danƙon, don zaren ya sake amfani. Kika tuna mini baƙin filafilin nan da wani Bature injiniya ya karya wajen tuƙi a gulbi ya bar mini, wanda na jefa a wuta don in ga da me aka yi shi. Danƙon ya cinye, zaren ya rage kamar gashin wutsiyar saniya, kina da shekara goma sha biyu kika tsince shi cikin toka kika adana a gwangwanin madara. Kika ce tun daga ranar abin ya shiga ranki, kuma aikina za ki je ki ƙarasa. To, tunda haka ne, dole ki san wane irin aiki na yi.

Ni da farko masassaƙi ne. A hannun Baba Manu na koya, tsohon nan na bakin gulbi wanda ba ki riske shi da ƙarfinsa ba. Shekara tara ina sassaƙa kwale-kwale na icen maɗaci a gabansa. Da hukuma ta kawo jiragen faiba don masunta, aka nemi masu hannu, aka ɗauke ni aka tura ni kudu na koyi gyaransu. Faiba ƙanin abin da za ki karanta ne: farin zaren gilashi mai kama da tabarma, a shimfiɗa a shafe da danƙo. Na dawo da kakin aiki da takardar shaida, kaina ya kumbura. Na tuƙa sabon jirgi shuɗi har gaban rumfar Baba Manu, na ce masa wannan gara ba ta ci, ruwa ba ya ruɓar da shi, zamanin gizago ya wuce. A gaban mutane na faɗa. Ya taso da ƙyar, ya shafa gefen jirgin, ya ƙwanƙwasa, ya yaba santsinsa. Sannan ya ce, “Umaru, nawa in ya tsuhwa mata na dahwa tuwo da shi. Wanga in ya mutu, ina za ka kai shi?”

Na yi dariya, mutane suka taya ni. Ban ga tambayar ta cancanci amsa ba. Daga nan na rage zuwa gaishe shi, har ya rasu ina Yawuri wajen aiki, ban sami jana'izarsa ba.

Uwani, za ki shiga cikin masu ilmi, za ki dawo kina sanin abin da duk zuriyarmu ba mai saninsa. In tsoho ko jahili ya yi miki tambayar da ta ba ki dariya, ki haɗiye dariyar ki je gida da tambayar. Kuma duk sabon abin da aka nuna miki ana yabon ƙarfinsa, ki tambayi inda za a kai shi ran da ya gama aiki, tun kafin ki sa hannu.

Amsar tambayar ta zo mini shekarar da aka ba mu jiha. Aka yi rabon kaya tsakanin tsohuwar jiha da sabuwa, abin da ya faɗo wa sashenmu har da matattun jiragen faiba, wasu sun tsage, wasu rana ta cinye su sun yi fari fat. Aka jibge su a filin ma'aikatarmu a Birnin Kebbi. A lokacin gari ya cika da ma'aikatan da aka dawo da su gida, ana neman ko'ina a kafa ofis, wasu a gindin bishiya suke aiki. Aka ce mini a share filin cikin mako biyu, ba a ce ga yadda za a yi ba. Ni kuwa na tuna filafilin Bature. Na ce a raina tunda wuta tana cin danƙo ta bar zare, ai dukiya ce ake shirin zubarwa. Sabon zare ya yi wuyar samu a lokacin, sai an aika Legas a yi wata ana jira. Na nemi izini aka loda mini su a tifa har Argungu, aka sauke a kangon bayan gidanmu.

Kina makarantar kwana, ba ki ga komai ba. Da zarto nake yanka su gunduwa-gunduwa, ƙurar tana shiga jiki tana ƙaiƙayi kamar ƙaiƙayin gero. In na tara sai in cinna wuta bayan sallar asuba, ta ci har azahar. Hayaƙin baƙi ne wuluk, mai kauri, yana da wani ɗaci da ke zama a maƙogwaro kwana biyu. Ni ina ɗaura jiƙaƙƙen rawani a hanci, kuma ina tsayawa ta inda iska ke fitowa. Ban taɓa tsayawa na duba inda take kai shi ba. Madafar innarki tana jikin katangar nan ta bayan gida, katangar kuwa ba ta kai tsayina ba. A nan take yini, daga daka sai girki sai wankin ƙannenki.

Ta yi mini magana sau ɗaya a farkon abin. Ta ce hayaƙin yana sa mata jiri, kajinta biyu sun mutu, ko zan kai abin bayan gari. Na ce a bayan gari wa zai tsare mini zaren, kwana nawa ne a gama. Ba ta sake ba, kin san halinta. Kwana nawan nan ya kai rani biyu, don da mutane suka ji ina karɓa, kowa mai mataccen jirgi daga Augie har Zauro sai ya kawo mini.

Tarin ya fara mata a rani na biyu. Muka sha saiwoyi, muka sha maganin kemis. Da ta kai ba ta iya ɗaukar tulu daga rijiya sai ta zauna ta huta, na kai ta asibiti a Birnin Kebbi. Likitan ya ɗauki hoton ƙirjinta, ya daɗe yana kallo, ya tambaye ni ko a masana'anta take aiki. Na ce matar aure ce, ba ta fita. Ya tambaya ko akwai wani hayaƙi ko ƙura da take shaƙa kullum. Tana zaune kusa da ni, ta sunkuyar da kai. Na ce masa hayaƙin murhu ne kawai, irin na kowace mace. Ita ma ba ta ƙaryata ni ba.

Ban ce da na faɗi gaskiya za ta warke ba, rai na Allah ne. Amma likita ya tambaye ni abin da zai taimake shi, na ɓoye don kar a ce laifina ne.

Ki kula da numfashinki, ɗiyata. Na san can suna da tanderu rufaffe da abin rufe hanci, kin faɗa mini. Ki sa shi ko da aikin na minti ɗaya ne, ko da sauran sun cire nasu. Amma ni ma ai na rufe nawa hancin. Abin da ban yi ba shi nake so ki yi: duk inda kika kunna wuta, ki fita waje da ƙafarki ki ga inda hayaƙin yake sauka, ki ga wa ke zaune a wurin. Mafi yawa za ki tarar wanda ba shi da bakin yi miki gardama ne. In wani ya ce miki abin yana damunsa, ki ɗauka ya daɗe yana haƙuri kafin ya furta, kuma mai yiwuwa ba zai sake furtawa ba.

Saura maganar zaren da na tara, ita ce mafi nauyi.

Zaren da ya fita daga wuta yana nan kamar zare. In kin wanke shi ya bushe, ido ba zai raba shi da sabo ba sai ɗan duhu. Na cika buhuna da shi, na fara liƙe ƙananan ɓuloli, ba wanda ya dawo da ƙara. Sai zuciyata ta yi ƙarfi. Ana nan Malam Ɗantani ya zo daga Zauro. Manomin shinkafa ne, mutum mai fara'a, duk zuwansa sai ya riƙo wa innarki albasa ko busasshen kifi. Ƙasan jirginsa na faiba ya tsage kamu uku, ga girbi ya matso, ruwa bai janye daga fadama ba, da jirgi ake fito da dammuna. Ya tambaye ni ko ina da sabon zare. Na ce ina da wanda ya fi sabo. Haka na faɗa, da bakin nan nawa.

Na sani a lokacin akwai abin da ba daidai ba. Ina shimfiɗa zaren yana karyewa tsakanin yatsuna, sabo kuwa sai ka sa almakashi. Danƙon ma bai kama shi yadda ya kamata ba, yana zamewa a kan toka-tokar da ta rage. Da na ɗauki guntu ɗaya na liƙa a katako na taka da ƙafa, da na gani. Aikin rabin yini ne. Ban yi ba, don ina tsoron abin da zan gani, ga buhuna takwas a ɗaki, ga rani biyu na wahala, ga tarin innarki da nake so in ce wa kaina ba a banza ya same ta ba. Na ƙara shafi biyu a sama, na goge, na yi fenti. Ya yi kyau ƙwarai. Ɗantani ya yi ta sa mini albarka.

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana aiki da shi. Ran na sha biyu da hantsi ya ɗoro dammuna shi da ƙannensa biyu, suna tsakiyar wuri mai zurfi ƙasan jirgin ya buɗe. Ƙannen suka fita. Shi ciyawar ruwa ta naɗe masa ƙafa. Sai washegari masunta suka fito da shi.

Na je ta'aziyya. Mutane suna cewa kututture ne a ƙarƙashin ruwa jirgin ya hau. An jawo jirgin an kife a bakin fadama, na zagaya na duba. Tsagar ta bi gyarana daga farko har ƙarshe, ba ta kauce ko da faɗin yatsa ba. Na sa hannu, zaren ya marmashe kamar busasshen ganye. Dagacin garin yana tsaye, ya ce ni ne masani, me na gani. Na ce kututture ne. Sannan na ce a ba ni jirgin in tafi da shi, kar ganinsa ya riƙa tayar wa iyali hankali. Suka gode mini. Na kawo shi gida na ƙone shi a kangon nan, ita ce wuta ta ƙarshe da na kunna.

Innarki tana kwance lokacin, ta ji warin ta gane. Da na shiga ɗaki ta daɗe tana kallona, numfashinta yana fita da ƙara. Ta ce, “Malam, nawa na yahe maka tun tuni. Amma na matar Ɗantani ba ni da ikon yahewa. Ka tahi Zauro.” Na ce zan je in ta sami sauƙi. Ba ta samu ba, ta rasu kafin ruwan shekara ya sauka. Da kika zo daga makaranta kina kuka kika tambaye ni me ya kashe ta, na ce miki fuka ce ta gado, kakarta ma da ita ta tafi. Kakarta ta haura tamanin, a kan tabarmar sallarta ta rasu. Sauran buhunan kuwa na haƙa rami a kangon na binne, suna nan har yau, ko ciyawa ba ta fitowa a wurin.

Ga shawarata, kuma in kin manta duk sauran kar ki manta wannan. Abin da ya bi ta wuta ya fito ba ya zama sabo don kawai yana kama da sabo. Na yarda ku za ku fi ni iyawa, kuna da na'urori, wataƙila naku zaren ya fito da ƙarfinsa kusan duka. Kusan duka ɗin nan ki auna shi ki rubuta shi yadda yake. Za ki yi shekaru kina wahala a kan abu, ran da za a gwada shi zuciyarki za ta so ya yi kyau fiye da yadda take son gaskiya. Wataƙila malaminki ma yana jira, masu ba da tallafi suna jira. A ranar ki karya shi da hannunki kafin ya karye a ƙarƙashin wani. In ya dace da kujera ki ce na kujera ne, kar ki bari a sa shi inda rai zai hau. Wanda zai hau ba zai san sunanki ba, ya dai yarda da ke ne kamar yadda Ɗantani ya yarda da ni. In kuma kin yi kuskure, don za ki yi, ki faɗa a ranar. Nawa da na faɗa a bakin fadamar nan, da zagi zan sha, ko duka, ko kotu, da yanzu ya wuce. Na bar shi shekara bakwai, kullum yana ƙara nauyi.

Kwana uku bayan tafiyarki Birnin Kebbi haɗa kaya, na hau mota zuwa Zauro. Matar Ɗantani sunanta Kulu, ba ta sake aure ba, tana turara shinkafa tana sayarwa, da shi ta riƙe 'ya'ya huɗu. Na yi sallama aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar gida, ta zauna daga ciki, ƙanin mijinta ɗaya yana wurin, cikin waɗanda suka tsira. Na faɗi komai kamar yadda na rubuta miki, ban rage ba. Na gama, tukunyar shinkafa tana kuka a kan wuta. Ƙanin ya ce shi dama bai ji jirgin ya bugi komai ba, ya faɗa a lokacin, aka ce masa ruɗewa ce, tunda mai gyara da kansa ya duba. Shekara bakwai yana zargin kansa, yana ganin ko lodin da ya yi ne ya yi yawa. Yana faɗa yana share ido da hannun riga. Wannan ban taɓa kawo shi a raina ba, Uwani. Na ɗauka ni kaɗai ke ɗauke da abin.

Kulu ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Da ka zo shekarar da abin ya hwaru, da ban saurare ka ba. Yanzu na gaji da riƙo, nawa na bar ma Allah. Amma ɗiyan nan marayu na, babban bai kai sha biyar ba. Sai sun girma ka zo ka hwaɗa musu da bakinka.”

Na ce in Allah Ya kai mu. Ban gaya mata abin da likita ya gaya mini ba, ke ma ban gaya miki ba sai yanzu. Tarin nan da kika ji ina yi a zaure, na ce miki sanyi ne, ba sanyi ba ne. Jiƙaƙƙen rawani bai tare komai ba, jinkiri kawai ya yi mini. An ɗauki hoton ƙirjina watan jiya, kuma wannan karon da aka tambaye ni na faɗi gaskiya. Likitan bai yanke mini lokaci ba, ni ma ban nema ba, amma na yi jinyar wannan ciwo, na san tafiyarsa. Don haka na rubuta wa 'ya'yan Ɗantani takarda irin taki na ba kawunsu ya ajiye, ko da ban kai ba. Dangin za su zauna da malamai bayan girbi su faɗi abin da shari'a ta ɗora mini, na ce duk abin da suka yanke na ɗauka. Limaminmu ya ce in yi azumin wata biyu a jere in ƙirjina zai iya. Yau ina na goma sha tara.

Kar ki fasa tafiya saboda wannan takarda. Na san ki, za ki karanta ki ce wa Malam Sanusi a mayar da tikiti. Ban yarda ba. Zamanki ba zai ƙara mini numfashi ɗaya ba, ƙannenki suna kula da ni, ba abin da na rasa. Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko da rana ta rikice muku a can. Ki riƙe mijinki da mutunci, ya bar aikinsa ya bi ki, ba kowa zai yi ba. Ki sa kayan sanyi, ki ci abinci, kin saba mantawa da ci in karatu ya kama ki.

Abu ɗaya ya rage. Na raba ki da uwa kina da shekara goma sha tara, na kuma yi miki ƙarya a kan gawarta. Ina neman gafararki. Ba sai kin amsa kafin ki tashi ba, kuma kar ki amsa don tausayin ciwona. Ki tafi da maganar, ki yi fushinki yadda ya kamata. Ran da zuciyarki ta sauka da kanta ki rubuto. In takardar ta same ni, alhamdu lillahi. In ba ta same ni ba, ki faɗa a sujada, zai isa.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sauke ku lafiya, Ya haɗa ku da mutanen kirki. Allah Ya tsare ƙirjinki da hannunki da harshenki, Ya sa kar a cutu ta dalilinki. Allah Ya jiƙan innarki, Ya jiƙan Malam Ɗantani, Ya raya abin da suka bari. Na ba da amanarki ga Wanda amana ba ta ɓata a wurinSa.

Wassalam.

Mahaifinki,
Umaru.